Albasa Tana Da Ƙungiya, Mai Yanka Ta Fa?

Yau sai ku yi haƙuri da ni, faɗa na zo yi, kuma yawancin faɗan da mu mata zan yi shi. Mun saba kullum maza muke ɗora wa laifi, su ne masu saki, su ne masu ƙwauron cefane. To gaskiya ne, amma idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Akwai wani zalunci a ƙasar nan tamu wanda mace ke kitsa shi, mace ke aikata shi, mace kuma ake yi wa, sauran matan muna gefe muna tauna goro.

Duk wadda ta taɓa sauka a babbar tashar Sakkwato, ko ta ci kasuwar Achida ko ta Illela, ta san rumfunan masu abinci. A gaba ga Hajiya bisa kujera ta sha atamfa, kuloli jere a gabanta, gwangwanin kuɗi tsakanin ƙafafu. Iyakar abin da mai saye ke gani ke nan. To ki daure wata rana ki zagaya bayan rumfar. Can za ki tarar da waɗanda suka ɗauki rumfar bisa kansu, yara mata biyu, uku, har biyar, wani lokaci da wata bazawara mai goyo. Su ke tashi tun kafin assalatu su hura icce, su ɗebo ruwa, su tsince shinkafa, su yanka albasa har hawaye su ƙafe, su tuƙa tuwon da ƙato ma sai ya yi nishi kafin ya juya muciyar. Sannan ga wanke-wanke da ba ya ƙarewa, ana kwashe wannan tulin kwanoni wani na sauka. Dubi hannuwansu, omo da soson ƙarfe sun cinye su, ruwa ya ci tsakanin yatsun ƙafa. Sai goman dare a tashi, su shimfiɗa buhu cikin rumfar ko wani shagon ajiya su kwanta, sauro na nasa aiki.

Ki ce da ɗaya daga ciki, "Yarinya, ke 'yar ina ce?" Da wuya ki ji ta ce 'yar garin ce. Za ki ji Gandi, ki ji Rara, ki ji Shinaka, ki ji Isa da Sabon Birni. Wasu ma daga tsallaken iyaka, Ƙonni, Madawa, Tawa. Baƙi ne duk, kuma baƙuncin nan nasu shi ne jarin da ake juyawa.

Kada wata ta ce mini son birni ya fito da su, ko kwaɗayin man shafawa. A da ci-rani na maza ne, a gama kaka su kama hanyar Kurmi, damina ta faɗi su dawo. Mi ya fito da mata yanzu? Mu da ke nan gabashin Sakkwato ba ma buƙatar a ba mu labari. A 2010 ambaliyar gulbin Rima ta cinye gonaki da gidaje a ƙasar Goronyo da Wurno. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka faɗa wa Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah, aka kashe fiye da mutum 30, jama'a suka kwararo Gandi da abin da hannu ya iya ɗauka. Ranar 17 ga Oktoba 2021 aka buɗe wa mutane wuta ana tsakiyar cin kasuwar Goronyo, fiye da rai 40 suka tafi. Kowane namiji da ya faɗi a wuraren nan ya bar mata, ya bar ɗiya. Gonar da ta saura kuma wata sai an biya ɓarayin daji haraji kafin a shiga. Wadda ta ƙi bara, ta ƙi zubar da mutuncinta, ta ce ita da ƙarfinta za ta ci, ai jinjina ta kamace ta. Mu kuwa sai muka tare ta da wuƙar yanka.

Bari in warware muku yadda abin ke tafiya, domin da yawa cikinmu sun sani amma suna yi kamar ba su sani ba.

Akwai dillaliya. Ita ke shiga ƙauye ko wurin 'yan gudun hijira da lallausan harshe. "Inna, ba ni ɗiyar nan in kai ta gidan wata Hajiya mai tsoron Allah, ta tara kayan ɗakinta." Uwa tana duban yunwa, tana duban aure na matsowa babu ko langa ɗaya, sai ta ce Allah ya tsare. Daga ranar ciniki ya koma tsakanin dillaliya da mai rumfa. Yarinyar da za ta yi aikin ba ta san nawa aka yanka mata ba. Ƙarshen wata dillaliya ta zo ta karɓa, ta zare nata, ta zare kuɗin motar da ta ce ta biya, abin da ya rage ta ce tana ajiyewa. Ko kuwa ita Hajiyar ta ce, "Bar su wurina sai Salla, kar ki ɓarnatar." Kalmar ajiya tana da daɗin ji, amma igiya ce. Wadda ke bin bashin wata huɗu ba ta iya tafiya ko ana yanka naman jikinta, don ta san ranar da ta ɗaga ƙafa kuɗin sun bi ruwa. Salla ta zo kuma sai a jawo lissafi: kin fasa faranti, kin ƙona miya ranar kaza, na saya miki maganin zazzaɓi, na ba ki tsohon zanena. Kafin a gama wata ma sai a ce ita ake bi.

Mu ɗauki misali, a ce an yi mata kirki an yanka mata naira 15,000 a wata, kuma ana ba ta a hannu. Raba ta kwana 30, domin babu ranar hutu, ya zama naira 500 a yini. Daga biyar na asuba zuwa goman dare awa 17 ke nan. Ko naira 30 ba ta kai ba a awa ɗaya. Ki tambayi kanki abin da naira 30 ke saye yau a kasuwa. Alhali tun watan Yuli na 2024 doka ta ce mafi ƙanƙantar albashi a Nijeriya naira 70,000 ne. Abin da aka ba ta bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Nan ne kuma su masu dokar suka ba ni haushi. Dokar albashin ta ce ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. To don Allah wace mai tuwo ce ke da ma'aikata 25? An gina rumfa an bar waɗanda rana ta fi duka a waje. Amma kada wannan ya sa mai abinci ta yi guɗa, domin akwai Dokar Ƙwadago, wadda ke nan tun 1971, ita kuwa ba ta ƙidaya kawuna. Ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci takarda mai bayyana aikinsa da ladansa. Ta ce kada biyan lada ya wuce wata guda, ke nan ajiyar sai Salla ba ta da gindi. Ta ce lada kuɗi ne, tuwo da wurin kwana ba su maye gurbinsa. Ta hana a ci ma'aikaci tara daga ladansa, ko ɓarna ya yi da gangan ko da sakaci sai da izinin jami'in ƙwadago a rubuce za a cire wani abu. Ta ba shi yini guda na hutu cikin kowane bakwai. Ko sallama ma da ƙa'ida, wanda ya wuce wata uku a wuri sai an ba shi sanarwar mako guda, wanda ya wuce shekara biyu mako biyu. Duk wannan yana nan a rubuce. Sai dai takarda ba ta da ƙafa, ba za ta tako bayan rumfa da kanta ba, sai wani ya ɗauko ta. Wanda ya ɗauko ta kuwa shi ke shan duka.

Wannan ita ce ainihin maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. A kowace rumfa, cikin yara biyar akwai ɗaya mai ɗan buɗaɗɗen ido. Wataƙila ta yi aji huɗu a firamare, wataƙila bazawara ce da duniya ta koya wa karatu. Ita ce ke iya lissafi. Ita ce wata rana za ta ce da sauran, "Ku zo mu je tare mu ce a ba mu kuɗinmu." Ba ta san kalmar ƙungiyar ƙwadago ba, ba ta taɓa ganin kati ko tuta ba, amma wallahi aikin da ta yi shi ne ainihin aikin shugaban ƙungiya. To ku saurari abin da ke samunta.

Da fari a kira ta mai baki, mai zuga ɗiyan mutane. Sai a fara ware ta, a ba ta tukunyar da ta fi ƙanzo, a rage mata abinci, a ja sauran gefe a ce duk wadda aka gani da ita ta kuka da kanta. Idan ba ta sare ba, kwana biyu sai kuɗi su ɓace a gwangwani. Wa ya ɗauka? Ai ba sai an tambaya ba. A zazzage ƙullin kayanta gaban masu cin abinci, a ƙwace 'yar wayarta, a kira ɗan sanda wanda kullum a rumfar yake cin rana. Yarinyar da ba ta da kowa a garin ta kwana a bayan kanta, gobe a ce an yafe mata albarkacin iyayenta, ta tattara ta bar garin, bashin wata huɗu ya zama kuɗin sata. Wata ba a kai ta ga hukuma, zauna-gari-banzan tasha ake nuna wa ita su tare ta da dare su razana ta. In 'yar Nijar ce abin ya fi sauƙi, kalma ɗaya ta isa: za a kira jami'an shige-da-fice. Tun da aka rufe iyaka a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, aka buɗe a 2024, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, tsoron nan ya ƙara kama baƙi, masu razanarwa kuwa sun samu sanda. Ƙonni da Illela da ko tsaki aka yi a ɗaya ana ji a ɗaya, yau ɗiyar can ta zama abin yi wa barazana da takarda. Sannan a bi rumfuna layi-layi a ce kada wadda ta ɗauke ta.

Duk wannan da sauƙi a kan makami na ƙarshe. Sai a aika gida. "Ku zo ku ɗauki ɗiyarku, ta lalace, ta fara bin direbobi." Shi ke nan an gama da ita. Saurayin da ya kai kuɗin gaisuwa ya aiko a mayar masa, uba ya rantse ba za ta sake taka ƙofar gida ba, ƙannenta ma su shiga bakin duniya. Abin takaici, sau da yawa ita mai aiken ce da kanta ke tura yaran kai abinci shagunan maza da dare, ita ke cewa a yi wa mai saye fara'a kar ya koma rumfar gaba, in wani ya kai hannu yarinya ta yi ƙara a ce ta cika tsiwa za ta kore ciniki. Ranar da ta nemi haƙƙinta kuma ranar aka tuna da tarbiyya.

Wa ke ɗaukar wannan labari ya yaɗa? Mu. A gidan suna, a gidan biki, a bakin rijiya. "Ke kin ji ɗiyar wance?" Ba mu tambayi ko nawa take bi ba. Mu ne lasifikar azzaluma, kyauta muke yi mata aiki.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001, da ta tashi tana tara mata a ƙarƙashin NEPU tana magana a kan auren dole da aikin tilas da hana mata ƙuri'a, da mi aka fara jifanta ita da matan da ke bin ta? Da sunan karuwanci. Aka daka ta, aka ɗaure ta har sau 16. Yau ga sunanta a kan asibiti, kowa na cewa uwarmu ce. Muna son Gambo da ta mutu, Gambon da ke bayan rumfa da soso a hannu kuwa muna taya kashe ta.

Doka a nan ma ba ta yi shiru ba. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin haɗuwa da wasu don kare muradunsa, har ya ambaci ƙungiyar ƙwadago da suna. Sashe na 9 na Dokar Ƙwadago ya hana a kori ma'aikaci ko a cuce shi don yana cikin ƙungiya. A 2022 Nijeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana cin zarafi da tsangwama a wurin aiki, kuma ta haɗa har da masu aikin da ba na ofis ba irin na kasuwa da tasha. Akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, akwai ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya a Sakkwato. Amma yarinyar Gandi da ko hanyar komawa tasha sai an nuna mata, ita ce za ta gano ƙofar kotu?

Yanzu ku dubi abin mamaki. A watan Fabrairu na 2021 rikici ya tashi a kasuwar Shasha ta Ibadan, aka kashe mutane, aka ƙone dukiyar fatakenmu. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu fataucin kayan abinci da shanu ta ce ba mota ɗaya da za ta sake tsallaka Kudu. Aka tsayar da manyan motoci a hanya, tumatir da albasa suka yi tsadar tsiya a Legas. Cikin mako guda manya suka kira su Abuja aka zauna. A watan Yuni na shekarar masu albasa suka sake ɗaga murya a kan motocinsu da ake tarewa a Kudu, aka ji su har gidajen rediyon waje. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, albasar Wurno da Goronyo gumin mazanmu ce. Amma ku duba fa. Albasa tana da ƙungiya, tana da shugaba da sakatare. Motar da ta ɗauko ta tana da ƙungiya, direba bai isa a taɓa shi a tasha ba. Mahauta suna da sarkin fawa. Su kansu masu abincin a kasuwanni da yawa suna da shugabarsu, suna haɗa baki su tsayar da kuɗin faranti. Kowa ya gane amfanin tsintsiya ɗaure. Mutum ɗaya tak aka ce in ta haɗa kai da 'yar'uwarta ta yi rashin kunya, ita ce mai yanka albasar.

Su ma manyan ƙungiyoyin ƙwadago ba zan ƙyale su ba. NLC tana nan tun 1978, a ƙarƙashinta akwai ƙungiyar ma'aikatan otal-otal da makamantansu. Suna ƙoƙari a manyan otal inda ake da takardar albashi da za a cire kuɗin ƙungiya. Ranar 1 ga Mayu a yi anko a yi maci gaban gwamna. In an tashi daga macin ina ake zuwa cin abinci? Wa ya wanke farantin? Ko sau ɗaya a aiko mace mai jin Hausa ta zauna da yaran nan ta karanta musu abin da doka ta ce, ai ba zai cinye asusun ƙungiya ba.

Wata za ta ce, wa zai saurari mai wanke-wanke? To ga labari daga Faransa. A wani otal mai suna Ibis a unguwar Batignolles ta birnin Paris, mata kusan 20 masu gyaran ɗakuna, 'yan asalin Afirka, suka ajiye aiki a watan Yuli na 2019. Su ma ba otal ɗin ne ya ɗauke su kai tsaye ba, wani kamfani ne a tsakani, dillaliya dai mai ofis. Suka zauna ƙofar otal suna kaɗa robobi da tukwane, sanyi ya zo ya wuce, annobar korona ta zo ta same su. Wata 22 suka yi. A watan Mayu na 2021 aka sa hannu, aka ƙara musu kuɗi, aka rage yawan ɗakunan da kowace ke gyarawa. Ɗaya daga cikin jagororinsu, Rachel Keke, haifaffiyar Abijan, a 2022 aka zaɓe ta 'yar majalisar dokokin Faransa, ta zauna har 2024. Abin lura a labarin, ba jarumtar mutum ɗaya ba ce ta ci. An samu ƙungiya ta tsaya musu, mutanen gari suka riƙa tara musu kuɗin cefane, shi ya sa yunwa ba ta mayar da su ba. Ta bayan rumfarmu ba jarumta ta rasa ba, mai tsaya mata ta rasa.

In kuma wani ya ce wannan ɗabi'ar Turawa ce, haɗa kan mata baƙon abu ne a wurinmu, sai in ce ya zo Wurno a ba shi tarihi. Nan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, nan kabarinsa yake tun 1837. Ƙanwarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa 'yan taru. Ta naɗa jajoji, ta ɗora musu malfa, kowace jaji ta tattaro matan ƙauyensu ta jagorance su zuwa neman ilimi, su koma su karantar, su duba marar lafiya, su taimaki gajiyayye. Mata ƙungiya-ƙungiya da shugabarsu, suna ratsa daji, a zamanin da babu mota. Ba wanda ya kira jaji mai zuga ɗiyan mutane. Addinin da muke tinƙaho da shi kuwa, kowace 'yar Islamiyya ta san matsayin wanda ya sa mutum aiki ya hana shi lada, ta san an yi umurni da gaggauta biya, ta kuma san girman zunubin yi wa mace kamila ƙazafi. Hajiyar da ta ci ladan marainiya ta tafi Umra da shi, ita da Mai Sama.

Na san masu abinci za su ce na yi musu rashin adalci. Za su ce tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 shinkafa, mai, icce, komai ya tashi, ga kuɗin rumfa ga na masu karɓar haraji, mai saye kuma in an ƙara naira hamsin sai ya yi gaba. Za su ce da yawansu zawarawa ne masu riƙon marayu. Za su ce taimako suke yi, da ba su ɗauki yaran ba da suna titi suna bara. Na yarda da tsadar, kowa na ji a jikinsa. Na kuma san akwai masu abinci na kirki da suka aurar da yaransu kamar ɗiyan cikinsu, Allah ya saka musu. Amma Hajiya, da buhun shinkafa ya tashi kin ce wa mai shinkafa ki bar kuɗinsa wurinki sai Salla? Kin taɓa cire wa mai icce kuɗin faranti? Kowa kina biyansa nan take domin yana da bakin magana, mutum ɗaya kike ɗage wa, wadda ba ta da kowa. In cinikin ba ya ɗaukar yara biyar, ɗauki uku ki biya su. Taimakon da mai taimako ke ƙiba wanda ake taimaka wa na ramewa, a sake masa suna.

Ke ma uwargida da ke karanta wannan kina cewa Allah ya kyauta, waiwaya madafarki. 'Yar aikin da ke can, ta hannun wa kika same ta? Wa ke karɓar kuɗinta? Shekarunta nawa? Ki sani dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta ce ɗaukar yaro ko yarinya da ba su kai shekara 12 ba aikin gida laifi ne mai ɗaurin wata shida zuwa shekara uku. Dillaliyar da ke kai wa tasha ita ce ke kawo miki. Almajirin da ke wanke miki kwanoni a kan ƙanzo shi ma lissafinsa na nan.

Abin da nake nema bai fi ƙarfinmu ba. Uwa, in dole ta sa ɗiyarki za ta tafi aikatau, ki san rumfar, ki san sunan mai ita, a faɗi ladan gabanki da gaban yarinyar da wani shaida, malamin unguwa ko matar mai unguwa. Dillaliya ta karɓi la'adarta sau ɗaya ta kauce, kuɗin wata kuwa a hannun mai aiki. Ki ɗaure mata kuɗin motar dawowa a bakin zane ki ce kada ta taɓa su ko mi ya faru, domin wadda ke da kuɗin mota ba a yi mata barazana da kora. In kuma aka aiko miki cewa ta lalace, kafin ki ɗora hannu a ka ki tambaya, wata nawa take bi?

Ku kuma 'yan mata masu aikin, kun iya adashi, to adashin nan shi ne farkon ƙungiya. Ku na rumfuna biyar ko shida ku san juna. Ku samu ɗan littafi na naira ɗari, mai iya rubutu ta riƙa sa ranar da kowa ta fara da abin da aka ba ta, a ajiye shi wajen wata babba a waje, kada ya kwana a rumfa. Ranar magana kada ku tura mutum ɗaya ku laɓe, ku tafi gaba ɗaya, da rana, gaban shugabar masu abinci ko sarkin kasuwa. In an kori wadda ta yi muku magana kuka ci gaba da wanki kamar ba a yi komai ba, gobe ba mai sake buɗe baki, ladan kuma haka zai zauna.

Matan gari masu ɗan hali, malaman Islamiyya, 'yan FOMWAN da ke nan tun 1985, matan 'yan sanda da matan masu unguwa, aikinku shi ne wanda ya fi sauƙi kuma ya fi tsada. Yarinyar da aka kora don ta nemi haƙƙi tana buƙatar wurin kwana na daren farko, da babbar mace ɗaya da za ta saka hijabi ta raka ta caji ofis ko wurin hakimi ta ce, "Na san ta, a duba littafin nan." Hukumar ba da agajin lauyoyi kyauta tana nan tun 1976, lauyoyi mata na FIDA suna nan, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam tana da ofis a Sakkwato, amma duk sai an samu mai kai ta. Ita kuma mai rumfar gaba, in an zo miki da cewa kada ki ɗauki wance don tana da baki, ki tambayi abin da bakin ya faɗa. In kuɗinta ta nema, ki ɗauke ta, ki yanka mata lada gaban shaida, ki biya ta ranar talatin ga wata.